Shekarar da Aka Koya Mini Kallon Manya

Ƴaƴana, kun daɗe kuna yi da ni a kan kallo, kuma duk yana dawo mini. Na ji an ce mijin Hadiza, ranar da ya fara zuwa gaishe ni, sai da ya jiƙe riga da gumi, ya fita yana tambaya ko wani laifi ya yi. Na ji gwaggonninku suna cewa a Faransa na kwaso wannan hali, tare da shan kofi ba sukari da kiran ɗan fari da sunansa a gaban jama'a. Kofin na yarda, can na koyo shi. Amma kallo a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, na koye shi, a tsakar gidanmu, kuma malamata tsohuwa ce da tafiyarta mafi nisa ba ta wuce Gaffati, ƙauyen nan na kusa, ba. Bari in rubuta muku yadda aka yi, tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka gani.

Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, na gama karatu a Yamai, na ci jarrabawar bak, ta ƙarshen sakandare. Sabuwar gwamnati tana neman yaran da za ta tura su koyo aikin masana'antu, don a lokacin kowa maganarsa gyaɗarmu da ake kwashewa a buhu a dawo mana da ita mai da sabulu. Ni aka sa sunana a injiniyancin sinadarai. Sai dai makarantar ta can ba ta ɗaukar mutum da takarda kawai. Za ta turo malamanta biyu Yamai bayan damina, su zauna da kowane yaro su yi masa tambayoyi baki da baki. Wanda ya kwanta musu a rai shi ke da bursi, wato kuɗin karatu, da kujerar jirgi. Wanda bai kwanta ba ya je ya nemi biro, wato ofis, inda zai riƙa buga hatimi har tsufa.

Malaminmu na kimiyya wani Banasare ne da muke ce wa Mushe Mai Lofe, mushe kuwa malam ke nan a Faransanci. Kafin hutu ya ce in zo ofishinsa ya gwada ni. Na je, na cire takalmi a bakin ƙofa, na shiga na ɗan rusuna, na kafa ido a ƙafar tebur. Duk abin da ya tambaya na amsa daidai, ga ƙafar tebur nan shaida. Da muka gama ya cire lofe daga baki ya daɗe yana kallona, ko kuwa haka nake zato, tunda ni ban gani ba.

Ya ce, "Kanka ya ci, amma kai ka faɗi. A ƙasarmu wanda ba ya kallon ido, ko maƙaryaci ne ko ɓarawo. Za ka shiga da takalminka, ka miƙa hannu a tsaye, ka dubi mutum a ƙwayar ido har ka fita. Je ka gida ka nemi mutumin da ka fi tsoro a duniya, ka gwada a kansa."

Na yi masa godiya, na fito na sa takalmina. Bai san abin da ya ce ba.

Mutumin da na fi tsoro a duniya mahaifina ne, marini a Birni, wanda Buzaye ke zuwa tun daga arewa sayen rawaninsa. Ban ce mugu ba ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Amma ni ɗan fari ne, kuma sunan mahaifinsa aka sa mini, Haruna, saboda haka kunya biyu ce ta haɗu a kaina. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, in na shigo zaure yakan tuna yana da aiki a karofi. A gida Abba ake ce mini, shi ko Abban ba ya faɗa. Tun da aka kai ni lakwal, makarantar boko, ya raɗa mini "mutanen lakwal", kamar mu goma ne. In yana son in ci abinci sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa mutanen lakwal tuwo na hucewa." Bango kuwa bai taɓa ƙin isar da saƙo ba. Ni ma daga nawa ɓangaren, in aka ce in zana Baba, ƙafafunsa zan zana da hannuwansa da shuni ya rina har gwiwar hannu. Na san kowane kaushi na dugadugansa. Daga wuya zuwa sama kuwa, sai dai abin da na hango daga nesa, ƙarƙashin rawani.

Inna ma ɗan farinta ne ni, ba ta da amfani a wannan aiki. Sai na kai kukana wurin kakata, mahaifiyar Baba, Iya Fanna. Ita Babarbariya ce, gajera, mai baki kamar reza, kuma tsakanina da ita wasa ne tun ina goye. Mijinta take ce mini, tunda sunan marigayi mijinta nake ɗauke da shi, sunan da ita ma ba ta faɗa. Na same ta tana matsar man gyaɗa, na yi mata bayani.

Ta ce, "Tsaya tukuna, mijin banza. Karatun me aka ce za ka yi?"

Na ce, "Iya, yadda ake juya abu ya zama wani abu a manyan tukwanen ƙarfe. Kamar a fitar da mai daga gyaɗa, ko a yi sabulu."

Ta dubi turminta, ta dube ni. Ta ce, "Wato jirgin sama za a sa ka a kai ka bayan teku ka koyo ƙuli-ƙuli. To, Allah ya ba Nasara lafiya."

Duk da haka ta karɓi aikin da hannu biyu. Kullum bayan hantsi sai ta kife turmi ta hau, ta sa ƙotar ludayi a baki a matsayin lofe, ta ce in shigo. In na kai hannu ga takalmi ta buga mini muciya a ƙauri. In ido ya sauka ƙasa ta ce me na yar. Tambayoyinta ba su cikin kowane littafi: me ya sa man gyaɗarta ke daskarewa da sanyi, me ya sa kanwa ke nuna wake da wuri, me ya sa har yanzu ban yi mata zanen aure ba. Biyun farko na amsa su da Hausa, abin da ban taɓa yi ba, na kuma gane ashe wasu abubuwan haddace su kawai na yi. Cikin ƴan kwanaki ina kallonta ido cikin ido ba ko ƙiftawa, har na fara jin kaina wani abu.

Ta tofar da ludayin ta ce, "Ni ba gwaji ba ce. Wa ke jin kunyar matarsa? Fita waje, ga maza can."

Na fita. Da unguwar Zango na fara, inda ba a san ni sosai ba. Na tsaya gaban wani dattijon mahauci na gaishe shi ina kallonsa. Ya dube ni, ya dubi naman, ya ce da ni ƙasa-ƙasa wallahi na jiya ne amma bai yi komai ba. Wani tela na kalla, ya tashi ya shige cikin shago ya turo ɗan'uwansa. Shekarar siyasa ce, kowa na zargin kowa, saurayi mai wando da takalmi yana bin mutane da ido ba a ɗauke shi ɗan makaranta ba. Kafin Juma'a labari ya zagaya cewa ɗan marini ya zama ɗan leƙen asiri, sai dai an kasa daidaitawa a kan ko na wa.

Da na tsaya a Zango da abin ya zo da sauƙi. Amma na ga nasara tana zuwa, sai na ce bari in gwada a Birni, kuma ban zaɓi kowa ba sai Malam Kyari, limamin unguwarmu, mutumin da ya raɗa mini suna. Yana zaune a kan buzunsa a ƙofar gida da almajiransa manya, na taho da takalmina har bakin tabarma, na tsaya ƙiƙam, na miƙa hannu, na zuba masa ido. Na ce, "Barka da hutawa, Malam." Malam bai karɓi hannun ba. Ya ɗan ja da baya, leɓensa na motsi, sannan ya tofa mini addu'a a fuska, ya ce a riƙe ni a hankali kada a tsorata abin da ke jikina. Da ƙyar na ƙwace.

Washegari da la'asar Malam Kyari ya zo zaurenmu da dattawa biyu. Ina daga soron ciki ina ji, Iya na gefena. Ɗaya ya ce aljanun duwatsun Birni ne, ɗaya ya ce ruwan inabi ne, ya san warinsa ko da bai ji ba. Malam ya fi su hankali, kuma maganarsa ce ta tsinka mini zuciya.

Ya ce da Baba, "Malam, yaron nan mun san shi da ladabi. In Yamai ta yi masa haka, Faransa me za ta bari? Shawarata ka riƙe abinka. Ga karofi, ga rini, a yi masa aure ya zauna."

Baba bai ce komai ba sai, "Na ji, Allah ya saka da alheri." Na san wannan amsa. In ya faɗe ta, magana ta kusa ƙarewa. Kuma ko Nasara sun ɗauke ni, in ya ce ba za ni ba, ba za ni ba, wannan ko a mafarki ban taɓa tunanin tsallakewa ba. Na ji tsoro sosai a ranar, tsoron da ya fi na jarrabawa, don na ga shekarun da na yi ina karatu suna shirin komawa cikin ramin shuni.

Baƙin na fita Iya ta yafa mayafi ta shiga zauren, abin da ba ta saba ba. Ba ta rage murya ba.

Ta ce, "Ni na aike shi. In aljani ne, ni ce aljanar. Nasara sun ce sai mai kallon ido za su ɗauka, kuma malaminsa ya ce ya gwada a kan wanda ya fi tsoro. Ya bi gari yana firgita bayin Allah saboda wanda ya kamata ya zauna masa yana ɓuya a karofi."

Baba ya ce, "Iya, ai kin san abin da ke tsakani."

Ta ce, "Na sani, ni na koya maka. Gobe da safe za ka zama Nasara."

Ya ce, "Iya, a duba dai."

Ta ce, "Na duba. Ko kai ma Yamai ka je, da za ka yi musu da uwarka?"

Nan maganar ta mutu. Mutumin da Buzaye masu takobi ke yi wa magana a hankali ya ce, "To, Iya."

Da safe aka rufe ƙofar zaure, aka kori yara, aka aro kujera daga gidan wani tsohon soja. Baba ya sa babbar rigarsa ta Salla, wadda ya rina da kansa aka buga ta har tana ƙyalli, ya zauna a bakin kujerar kamar mai jiran a yi masa ƙaho. Iya ta tsaya a tsakiya da muciyarta. Na yi sallama na shigo da takalmi, kowane taku ina jin kamar a kan kabari nake tafiya. Na tsaya a gabansa. Idona ya tafi inda ya saba, wato ƙafafunsa. Can na saci kallo, sai na ga shi ma nawa takalman yake kallo.

Iya ta ce, "Ikon Allah. Maza biyu sun taru suna neman allura. In kun same ta tawa ce."

Ba wanda ya motsa. Ta sa kan muciya a haɓata ta ɗaga. Ta juya ga ɗanta, shi ba ta sa masa muciya ba, da hannu ta tallafi gemunsa kamar yaron da za a ba magani.

Haka na ga fuskar mahaifina. Na zaci zan ga wani abu mai ban tsoro. Sai na ga mutum mai ƙananan idanu masu ruwan ƙasa, da tabo a gira ta hagu, da wushirya irin tawa sak, wadda na yi shekaru ina tambayar kaina inda na samo ta. Gumi na bin goshinsa. Kuma tsoro yake ji, tsoro ƙarara, irin wanda nake ji. Ban taɓa sanin ana jin tsorona ba. Na miƙa hannu, ya dube shi, ya dubi Iya, ta gyaɗa kai, ya kama. Tafinsa kamar ɓawon itace.

Iya ta ce, "To, sai me Nasara ke yi?"

Na ce da ita, don har lokacin ban iya ce masa ba, "Sunan mutum suke fara kira."

Ban yi tunani ba kafin in faɗa, da na yi da na tsallake wurin. Iya ba za ta iya faɗa ba, shi ba zai iya ba, ni kuma ba a kiran kai. Na fara cewa a bar wannan, ba dole ba ne. Baba ya gyara zama, ya yi gyaran murya, idonsa a kaina.

Ya ce, "Haruna."

Na ce, "Na'am, Baba."

Iya ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga ciki muka ji ta ce, "Ku ci gaba, hayaƙi ne ya shiga mini ido." Ba wuta a zauren.

Tambaya ɗaya ya yi mini. Ya ce in karatun nan gaskiya ne, in gaya masa me ya sa zane ke fitowa daga rami kore-kore, sai an shanya shi ya koma shuɗi. Na yi masa bayani ina kallonsa, yadda na saba yi wa Iya: a cikin rami shunin narkewa yake ya canza kama don ya shiga zare, in ya fito ya sha iska sai ya koma kamarsa ta asali ya kama zaren, ba ya fita. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Ashe iska ce. Ni tun ina yaro rana nake gode wa."

Sai ya yi dariya, gajera, wushiryar ta fito. Daga nan kamar ya tuna inda yake, ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya juya ya fuskanci bango.

Ya ce, "A gaya wa mutanen lakwal su shirya kayansu. Malam Kyari ni zan je in same shi."

Ganawar ta Yamai ba ta da wani dogon labari. Nasara biyu ne, tsoho mai gashin baki da wani siriri mai tabarau. Wanda ya kalli Baba a ido, me zai ji a wurin waɗannan? Na shiga da takalmi, na damƙi hannunsu, na kafe tsohon da ido har ya ciro hankici ya goge gashin bakinsa, yana zaton wani abu ne ya maƙale. Suka tambayi lissafi, suka tambayi yadda zan tace mai in an ba ni gyaɗar gari guda. Na fara musu daga turmin Iya na ƙare a tukwanen ƙarfe. A ƙarshe siririn ya ce da ni, cikin ladabi, an yarda mutum ya riƙa ƙiftawa. Suka ɗauke ni.

Ranar da zan bar Damagaram, Baba bai raka ni ba, ba a yi. Amma da kamiyo, babbar motar da ta ɗauke mu, ya tashi na hango shi a bakin tasha, wai ya zo duba wani kaya da ba a aiko ba. Yana tsaye yana nazarin tayar motar. Ni kuma na dubi ƙafafunsa, kamar kullum, kowa ya koma inda ya saba.

Ina shekarar ƙarshe a can ya rasu, zazzaɓin kwana kaɗan. Kafin labari ya iske ni an yi sadakar arba'in. Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ƙannena sun hau cinyarsa, sun ja gemunsa, sun san fuskarsa yana fushi da yana barci. Ni safiya ɗaya gare ni, da kira ɗaya. Na samu digiri, na yi aikin da kuka sani, na tace man da ya ishi gari, ban yi nadamar tafiya ba. Amma har yau abin yana yi mini ciwo, kuma ba na jin zai daina.

Da aka haife ka, kai babban, gwaggonninka suka ce tunda sunan Baba aka sa maka sai a nemo maka laƙabi, ni kuma in riƙa kauce maka kamar yadda aka saba. Iya Fanna tana da rai lokacin, ta tsufa tukuf, ba ta gani sosai. Ta sa aka miƙo mini kai a tsumma, ta ce in duba da kyau in gaya mata ko wannan ɗan nata ya fi na baya kyau. Na duba na daɗe. Ba ni da niyyar in bar ka da safiya ɗaya.

Saboda haka ka daina sunkuyar da kai in na kira ka a gaban abokanka, kai da furfurarka. Sunan ubana ne, na kuwa yi shekara ashirin da wani abu ban faɗe shi ba, yanzu nake ramawa. Sulaimanu, in ka gama karanta wannan ka zo, ka bar takalminka a ƙafarka. Ina son in gan ka.